Hamstar da ke kwana gwaguyar ƙarfe: yadda aka zaɓa mata sabon mazauni

Hamstar da ake magana a kanta mace ce, irin ta Siriya, wata 8 da haihuwa, nauyinta giram 150. Ga wanda bai san dabbar ba, 'yar ƙarama ce daga dangin ɓera, mai guntuwar wutsiya, tana da jaka a kowane kunci kamar gafiya, inda take cusa abinci ta kai rumbunta. Da rana barci take yi. Wajen ƙarfe 11 na dare sai ta fito, ta sha ruwa, ta ɗan hau wilin gudu, daga nan ta nufi kusurwar da ƙofar keji take. Kullum sanda ɗaya take kamawa. Ta cusa hanci tsakaninta da ta kusa da ita, ta cije, ta yi ta ja tana karkata kai, ƙarar kamar ana kaɗa cokali a jikin kwano. Takan yi minti 15 ko 20 ba ta saki ba, ta huta, ta dawo, har asuba. Fentin sandar ya ɓare, ƙarfen ya fito fili. A karan hancinta, daidai inda sandunan biyu ke gogarta, gashi ya zube ya bar ɗan sanƙo, fatar ta yi ja. Ɗaya daga haƙoranta na gaba na sama ya gutsure a baki.

Kejin irin wanda aka saba gani ne: tiren roba a ƙasa, sandunan ƙarfe a sama, da ɗan bene na roba da tsani. A jikin kwalinsa an rubuta santimita 60 da 40. Da aka sa tef ɗin awo a cikin tiren, daga ƙasa inda ƙafar dabbar ke taka, sai aka samu 54 da 34, domin tiren yana tsukewa ta ƙasa, adadin da ke kwali kuma na waje ne har da maɗauri. Wato filin da take da shi murabba'in santimita 1,836 ne, ba 2,400 ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wajen keji ido yana yaudara, benaye da launuka sukan sa ƙaramin abu ya yi kama da babba. Zurfin tiren santimita 12, shimfiɗar da ke ciki, wato abin da ake zuba mata a ƙasa ta kwanta ta haƙa, santimita 4. Faɗin wilin gudun santimita 17, idan tana gudu a ciki bayanta yakan lanƙwashe kamar baka, kanta a ɗage.

Mai ita ya riga ya gwada abubuwan da yawanci ake fara gwadawa. Ya sa mata itacen gaigaya, ba ta kula shi ba. Ya shafa abu mai ɗaci a sandar, ta koma sanda ta uku. Ya toshe kusurwar da kwali, ta cinye kwalin a dare ɗaya ta isa ƙarfen. Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne, idan ƙarar ta hana shi barci yakan tashi ya miƙa mata abin ci ko ya fito da ita ta ɗan zaga. A wurinta ke nan an koya mata cewa cizon ƙarfe yana buɗe ƙofa.

Abin da take nema

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne a ce tana wasa haƙora ne. Gaskiya ne haƙoran hamsta huɗu na gaba ba sa daina tsiro har ta mutu, sauran 12 na ciki kuwa ba sa ƙaruwa. Amma na gaban suna cin juna da kansu, na sama da na ƙasa suna goguwa duk lokacin da take fasa ƙwaya ko ɓare ɓawo, muddin suna zaune daidai. Kuma idan aka lura da kyau, mai gwaguyar ƙarfe ba da bakin haƙori take aiki ba. Takan tura sandar can bayan haƙoran gaba, inda akwai giɓi, ta ja da ƙarfin wuya. Wannan ba ya rage tsawon haƙori. Abin da yake yi shi ne ya karya shi ko ya karkatar da shi, idan kuwa ya karkace ya daina haɗuwa da abokinsa, sai abokin ya yi ta tsawo ba mai tare shi, har ya soki dasashi ko ya hana ta rufe baki.

Kukan kurciya jawabi ne. Dabbar da ta zaɓi kusurwar ƙofa tana ja da baki, fita take son yi. A mazauninta na asali, filayen noma na kewayen Halab a arewacin Siriya, inda a 1930 masanin dabbobi Israel Aharoni ya tono uwa da 'ya'yanta waɗanda kusan duk hamstocin gida irin wannan suka fito daga tsatsonsu, rayuwarta a ƙarƙashin ƙasa take. Ramukan da aka tona aka auna a can zurfinsu ya kama daga santimita 36 zuwa 106, matsakaici wajen 65, da ɗakin kwana, da wurin tara abinci, da wani lungu daban na fitsari. Kowace ita kaɗai take zama a raminta. To a ɗauki wannan dabba a ba ta shimfiɗa santimita 4, ko rufe bayanta ba za ta yi ba.

An gwada wannan a Jami'ar Bern da ke Suwizalan. A wani gwaji da aka buga a 2006, an ajiye hamstoci a shimfiɗa mai zurfin santimita 10, da 40, da 80. Na 10 su suka fi gwaguyar waya nesa ba kusa ba. Na 40 da na 80 duk sun haƙa ramuka sun zauna ciki, a cikin na 80 kuwa ba a ga ko ɗaya tana gwaguya ba. A wani gwajin na 2007 an kwatanta girman keji huɗu, murabba'in santimita 1,800, da 2,500, da 5,000, da 10,000. Na ƙananan keji sun fi daɗewa suna gwaguya, amma ko a mafi girman ma ba a rasa masu yi ba. Idan aka haɗa biyun, darasin da ya shafi wannan hamsta a bayyane yake: faɗi yana rage abin, amma faɗi kaɗai ba ya kashe shi, zurfin abin haƙa ne ya fi tasiri. Kejinta kuwa ya faɗi a duka biyun, girmansa daidai da mafi ƙanƙanta a gwajin, shimfiɗarsa ko rabin mafi ƙaranci ba ta kai ba.

Kafin a taɓa maganar mazauni sai da aka kai ta wurin likitan dabbobi, domin hamstar da haƙori ke yi wa ciwo ma takan ciji abu mai tauri. Ya duba bakin, ya ga gutsurewar ba ta kai dasashi ba, haƙoran suna haɗuwa, launinsu ruwan ɗorawa wanda shi ne na lafiya, na ƙasa sun fi na sama tsawo kamar yadda halittar take. Babu dalalar miyau a haɓa, babu rama. Bai rage komai ba, ya ce a dawo idan ta fara barin ƙwaya mai tauri ko nauyinta ya sauka. Wanda ya ga haƙori ya yi tsawo kada ya sa masa abin yanke farce a gida, yakan tsaga haƙorin ta tsaye har cikin saiwa.

Mazaunai biyar da aka duba

Ma'aunin da aka tsayar tun farko guda uku ne. Fili shimfiɗaɗɗe guda ɗaya wanda bai gaza santimita 100 da 50 ba, wanda shi ne mafi ƙarancin da ƙungiyoyin kula da dabbobi a Jamus da Birtaniya ke ba da shawara. Bango rufaffe da zai riƙe shimfiɗa aƙalla santimita 25 zuwa 30. Sannan babu sanda ko baki ko tudu da haƙori zai kama a inda take iya kaiwa.

Na farko da mai ita ya kawo shi ne a sayi keji na biyu irin na da, a haɗa su da bututun roba. Wannan bai daɗe a teburi ba. Ƙananan ɗakuna biyu ba sa zama babban fili, kowanne yana nan da tirensa marar zurfi, sandunan da za ta ciza sun ninka, an kuma ƙara mata mahaɗar bututu wadda ita ce wurin da hamsta ta fi saurin ɓallewa. Yawancin bututun nan faɗinsu bai wuce santimita 5 zuwa 6 ba, alhali babbar mace irin ta Siriya da ta cika kumatunta tana buƙatar ƙofa mai santimita 7 ko fiye.

Na biyu babban kejin sanduna ne mai santimita 100 da 50. Ga hamstar da ba ta taɓa gwaguya ba, wannan ba laifi, iska tana shiga sosai, rataye kaya ma da sauƙi. Matsalarsa tire. Irin waɗannan da wuya zurfinsu ya wuce santimita 15 zuwa 17, duk abin da aka zuba sama da haka sai ya watso waje ta tsakanin sanduna. Ana iya gyara shi, a yanka farantan roba mai haske mai kaurin milimita 3, tsayin santimita 30, a ɗaure su ta ciki da jikin sandunan. Amma da shimfiɗa ta hau, dabbar ma ta hau, sandunan da suka rage a sama sun dawo daidai bakinta. Ga wadda ta yi wata huɗu tana abu ɗaya kowane dare har ya zame mata jiki, barin sanda a gabanta an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A lura kuma da cewa wasu manyan kejin an yi su ne domin zomo ko ɓeran Masar, tazarar sandunansu ta wuce santimita 2, hamsta za ta bi ta wuce. Ga irin ta Siriya kada tazarar ta wuce kimanin santimita 1, ga ƙananan nau'o'in kuwa sai ƙasa da haka.

Na uku babban akwatin roba na ajiyar kaya, a yanke murfinsa a sa raga. Ba shi da nauyi, wanki ba wuya. Amma samun wanda cikinsa ya kai 100 da 50 a ƙasa aiki ne, domin su ma suna tsukewa, kuma litar da aka rubuta a jiki ba ta faɗin komai game da fili. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne yadda cikin akwatin yake. A zura hannu a shafa bangon da ƙasan. Duk inda yatsa ya ji tudu, ko kwarin da aka yi domin taya, ko ramin mariƙi, nan haƙori zai samu makama. Hamsta ba ta iya cizon bango mai santsi shimfiɗaɗɗe, bakinta zamewa yake yi, amma da ta samu gefe ɗaya, a dare guda za ta huda ramin da kanta zai shiga, inda kai ya shiga kuwa jiki ya shiga. Masu huda ƙananan ramukan iska a bango su ma makama suke ba ta. Wanda aka samu yana da kwarin taya a kusurwa huɗu, aka bar shi.

Na huɗu akwatin katako mai gaban gilashi. Wannan ya fi ba da damar girma yadda ake so, ya kuma fi gilashi zalla sauƙin ɗauka. Ana yin sa da allo mai santsin fuska, a cike kusurwoyin ciki da silikon irin na akwatin kifi domin kada fitsari ya shiga katakon ya kumbura, a rufe duk bakin allo da ke fili da zirin alminiyam mai kusurwa. Idan an yi shi da kyau yakan yi shekaru. Inda yake faɗuwa shi ne mahaɗa. Giɓin milimita 2 tsakanin allo da allo, ko layin da ƙofar gilashi ke zamewa a kai idan na roba ne kuma shimfiɗa ta kai gare shi, ya ishe mai gwaguya aikin dare. Ga wannan hamsta, da ba a samu na biyar ba shi za a ɗauka.

Na biyar, wanda aka tsaya a kai, akwatin gilashi ne irin na kiwon kifi, tsawo santimita 120, faɗi 50, tsayi 60. Ba lallai ya kasance yana riƙe ruwa ba, wanda ya fara yoyo masu kifi suka yar da shi ma ya yi, muddin babu tsaga mai kaifi. Gilashi ba shi da makama ko kaɗan, yana riƙe shimfiɗa ko nawa ne, ana kuma ganin ramukan da ta haƙa a jikin bango. Aibinsa uku. Nauyi: girman nan yana cin gilashi murabba'in mita 2.6 da ɗoriya, idan kaurinsa milimita 6 ne zai kai kilo 40, idan 8 ne ya haura 50, ba a sa komai a ciki ba. Sai mutum biyu, sai kuma teburi mai ƙarfi da shimfiɗaɗɗen sama wanda ya ɗauke ƙasan akwatin duka, da siririn soso a tsakani. Na biyu iska, wadda ta sama kaɗai take shiga. Na uku zafi. Gilashin da rana ta haska ta taga yakan ɗumame cikin mintuna, hamsta kuwa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, da ya doshi 30 ta shiga haɗari.

Tsayin 60 ba ado ba ne, lissafi ne. Shimfiɗa 35, a bar 25 tsakaninta da murfi. Babbar hamsta idan ta miƙe a ƙafafun baya ta miƙa hannu takan kai kusan 20. A akwati mai tsayin 40 ko 45, wanda shi aka fi samu, dole a zaɓi ɗaya, ko a rage shimfiɗa ko a bar ta ta kai murfi, duk biyun kuma komawa gidan jiya ne.

Murfi da tsarin ciki

Murfin shi ne ƙarfe kaɗai da ya rage a mazaunin, don haka ya cancanci natsuwa. An yi shi gida biyu, kowanne santimita 60 da 50, domin a buɗe rabi a bar rabi. Kowane gida firam biyu ne na siririn katako, aka shimfiɗa ragar ƙarfe mai walda mai idon santimita 1 a tsakaninsu aka ɗaure da sukurori, yadda tsinin wayar da aka yanka ya ɓuya cikin katako. Ragar sauro ba ta yi, ta roba ma haka, yaga su take yi kamar takarda. Ragar kaji idonta ya yi faɗi, wayarta kuma tana lanƙwashewa. A ƙarƙashin firam ɗin an buga ɗan katako a kowace kusurwa ta waje domin kada murfin ya zame gefe, aka sa maƙulli biyu. Ɗora littafi a kai dabara ce ta kwana ɗaya, ranar da aka manta ranar za ta fita. Kada a rufe ragar da gilashi ko zane ko a jera kaya a kai. Zarnin fitsari amoniya ne, a akwati mai rufaffen bango ba shi da mafita sai sama, idan ya taru yakan taɓa mata huhu da ido.

Cikin an raba shi biyu da allon katako mai tsayin santimita 28. Ɓangaren haƙa tsawonsa 80, aka cika shi zuwa 35 a can bango, yana gangarowa wajen allon. Ɗaya ɓangaren tsawonsa 40, shimfiɗa 10 kawai, nan wilin gudu da yashi da ruwa suke. Lissafin shimfiɗa sauƙi gare shi, tsawo sau faɗi sau zurfi a raba da 1,000: 80 da 50 da 35 lita 140, 40 da 50 da 10 lita 20, jimla 160. Sai dai wannan bayan an danne ne. Litar da ake rubutawa a jikin buhu ta abin da aka warware ne ya kumbura, don haka a tanadi fiye da lissafi, in ba haka ba a tsakiyar aiki za ta ƙare.

Dannewar nan ita ce sirrin ramin da ba ya rushewa, kuma nan mutane da yawa suke faɗuwa. Sukan zuba shimfiɗa sako-sako, hamsta ta haƙa ya rufto, ta sake ya rufto, ta haƙura, su ce tasu ba ta haƙa. Yadda aka yi a nan: a zuba shimfiɗar takarda marar turare kamar santimita 8, a danna da tafin hannu da ƙarfi har ta daina nutsewa, a barbaza siririn ingirici mai laushi a kai, a sake zuba takarda, a danna, haka har a kai tsayin. Ingiricin ne ke riƙe rufin rami kamar azara. Sassaƙen katakon asfen ma yana yi idan an gauraya shi da takarda. A guji na itacen sida da na itacen fayin da ba a gasa ba saboda ƙaron da ke cikinsu mai ƙamshi, a guji garin katako mai ƙura, a guji audugar sheƙa da ake sayarwa, zarenta yana naɗe ƙafa har ya tsayar da jini, idan ta haɗiye kuma ba ya narkewa. Farar takardar bayi marar turare da aka yayyaga ta isa sheƙa.

Gidan kwana na katako ne mai ɗakuna uku, ba shi da ƙasa, rufinsa ana ɗagawa, ƙofofinsa santimita 7. Wilin gudun faɗinsa santimita 28, cikinsa rufaffe ba tsani-tsani ba, babu sanda da ta ratsa tsakiya. Alamar wilin da ya yi daidai ita ce bayanta ya miƙe tana gudu. Da ƙafarsa tsayinsa ya kai 32, shi ya sa ya zauna a ɓangare marar zurfi, a kan wani allo dabam, ba a kan shimfiɗa ba. Doka ce a irin wannan mazauni cewa duk abu mai nauyi, kwanon yashi, kaskon ruwa, dutse, ko dai ya zauna a ƙasan gilashin ko a kan dandamali mai ƙafafu da suka kai ƙasa. Abin da aka ɗora a kan shimfiɗa kawai, za ta haƙa ta ƙarƙashinsa ya danne ta.

Ruwa an sa a ƙaramin kaskon tangaran mai nauyi. Dalili biyu ne. Maratayin kwalba da ke maƙale a bakin gilashi tsani ne zuwa murfi, sannan mai gwaguyar ƙarfe da ta rasa sanda takan koma kan bakin kwalbar ta yi ta ja. Abinci kuwa an daina sa shi a kwano. Cokali ɗaya babba, kimanin giram 10 a rana, ake barbazawa a kan shimfiɗa, wani a ɗan binne, domin neman ya ci mata lokaci.

Ƙaura da makonnin da suka biyo baya

An yi ƙaurar da yamma bayan ta farka da kanta. An kwashe tsohuwar shimfiɗarta duka, ban da jiƙaƙƙiyar, aka baza a saman sabuwar, aka ɗauki sheƙarta da rumbunta yadda suke aka sa cikin sabon gidan kwana. Hamsta ba ta gani sosai, da hanci take gane gida, wuri mai tsabta ƙal wanda babu warinta tsoro yake ba ta. An huda mata rami a karkace da hannu a jikin gilashi, aka cusa bututun kwali rabinsa a binne domin ya zama mafari. Daga nan aka ƙyale ta, ruwa da abinci kawai, babu ɗauka har kwana biyar.

Daren farko da na biyu ba su yi kyaun gani ba. Ta yi ta bin bango tana zagayawa, ta tsaya a kusurwa ta miƙe tana dakan gilashi da hannuwa, ta zame, ta sake. Wannan wuri ne da ya kamata a yi hattara da shi, domin gilashi yana ɗauke ƙara ne, ba lallai ya ɗauke damuwa ba. Mai ita zai yi barci, amma idan bayan mako biyu ko uku dabbar tana nan tana dakan kusurwa ɗaya ko tana kai da komowa a layi ɗaya, an gudu ne ba a tsira ba, sai a ƙara fili ko zurfi. A nan dai a dare na huɗu aka ga tudun takarda a bakin bututun kwalin, da safe kuma ga rami ya bi jikin gilashi ya nutse har ƙasa. Kafin mako ya cika ta kwashe sheƙar daga gidan katako ta mai da ita can ƙasa, ta yi ɗakin abinci a gefe.

A mako na biyu ƙarar ƙarfe ta dawo. Laifin na tsari ne. Haƙar da take yi ta turo shimfiɗa ta taru a kusurwa ɗaya, ga kuma gidan kwana a kusa wanda rufinsa ya bar santimita 13 kacal zuwa raga. Ta hau rufin, ta kama ragar, ta rataya da hannuwa tana cizo, ta faɗo, ta koma. Ratayar nan ta fi gwaguyar haɗari, domin hamsta ba ta iya auna nisa, sakin kanta kawai take yi. An gajarta ƙafafun da gidan ke tsaye a kai ya nutse cikin shimfiɗa har rufinsa ya yi daidai da samanta, aka matsar da wilin daga jikin allon rabo domin kada ta bi ta kansa, aka kuma mai da shi al'ada kowace safiya a baje duk tudun da ya rage tazarar ƙasa da santimita 22. Ƙarar ba ta sake dawowa ba.

Akwai dare da takan fi rashin natsuwa, ta yi ta kai da kawo, jikinta da wani wari mai ƙarfi. Da aka rubuta ranakun sai aka ga kowane dare na huɗu ne, wato lokacin da macen hamsta ke neman namiji. Wannan ba laifin mazauni ba ne, kuma ba dalili ba ne na kawo mata abokin zama, irin ta Siriya biyu a wuri ɗaya faɗa ne har kisa. A irin daren ake fito da ita ta zaga a killataccen fili na rabin sa'a, amma a lokacin da take zaune lafiya, ba lokacin da take dakan bango ba, kada a maimaita darasin tsohon keji.

Shara ta sauya salo. Ta zaɓi kusurwar kwanon yashi ta mai da shi wurin fitsari, don haka shi ake tacewa kullum, a canza yashin idan ya jiƙe. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ana tsince ta duk bayan kwana biyu ko uku, rumbu kuma a duba a cire ɗanyen abu da zai ruɓe a bar busasshe. Ba a taɓa juye akwatin gaba ɗaya. Bayan kamar wata biyu a kwashe kashi ɗaya cikin uku a sa sabuwa, a bar ɓangaren da sheƙa take sai wani zagaye. An liƙa ma'aunin zafi a bangon ciki, aka ajiye akwatin nesa da taga da duk na'urar da ke fitar da zafi, aka sa falen tangaran a ɓangare marar zurfi wanda takan kwanta a kai ta baje ciki idan ɗaki ya ɗumama.

Haƙorin da ya gutsure ya cike ya daidaita da ɗan'uwansa cikin 'yan makonni. Jan da ke hanci ya tafi a makon farko, gashi ya rufe sanƙon wajen mako na huɗu. Ana auna ta a sikelin kicin sau ɗaya a mako, a cikin kofi, nauyinta yana tsakanin giram 150 da 156. Abu ɗaya da mai ita bai yi tsammani ba shi ne ya rage ganinta. Da, da ya shigo ɗaki tana manne da sanda tana kallonsa. Yanzu takan kai tsakar dare ba ta fito ba, wani lokaci shaidar tana nan ita ce ƙwayar da aka barbaza ta ɓace, yashi ya watse, da sabon rami da ya ɓullo a bayan wilin gudu.